Gina Shafin Intanet da Zai Buɗe a Wayar Mai Saye

Duk mai sana'a a Maiduguri da ya fara samun masu saye daga wajen gari, ko ba daɗe ko ba jima sai wani ya ce masa ya kamata ya buɗe shafin intanet. Hajiyar da ke haɗa turaren wuta da humra tana aikawa Kano da Abuja ta ji wannan magana. Mai hular zanna ya ji, dillalin busasshen kifi a Baga Road ya ji, haka ma mai makarantar kuɗi a Bulumkutu da ɗan kwangilar da ke neman aikin kai kaya ga ƙungiyoyin agaji. Shawarar ba ta da laifi. Wurin aiwatarwa ne ake yin ɓarna: a kira wani matashi mai kwamfuta, ya zauna inda akwai wuta da intanet mai ƙarfi, ya tsara shafi mai faɗi, hotuna suna zamewa hagu da dama, ya juyo da allon ya nuna wa mai kaya, a ce ma sha Allah, a biya shi. Bayan mako guda wata mata a Gwange ta danna adireshin a wayarta ƙirar Itel, ta jira, ta ƙara jira, fuskar wayar fari fat. Ba za ta kira ta ce shafin ya ƙi buɗewa ba. Turaren kawai za ta saya a wani wuri.

Maganin abin shi ne a juya tsarin aikin, a fara da waya, kwamfuta ta biyo baya. Ba sabuwar dabara ba ce. Wani mai tsara shafuka a Amurka, Luke Wroblewski, ya fara yaɗa ta a 2009, ya kuma fitar da ƙaramin littafi a kanta a 2011. A tsakanin nan, a 2010, Ethan Marcotte ya bayyana yadda shafi guda zai riƙa miƙewa da tsukewa daidai da faɗin allon da aka buɗe shi a kai. Daga baya Google ya shigo da nasa nauyin: ya sanar a 2016 cewa zubin waya na kowane shafi zai riƙa dubawa wajen jera sakamakon bincike, ya fara aiwatarwa a 2018, ya ce ya kammala a 2023. Wato abin da ba ya cikin shafinka na waya, a wajen Google tamkar babu shi ne.

A Turai da Amurka sai da aka yi ta lallashin masu tsara shafuka kafin su yarda da wannan. A Yerwa, wato Maiduguri, babu abin lallashi, don yawancin masu sayenka ba su taɓa buɗe intanet a kan komai ba sai waya. Wayar kuma yawanci Tecno ce ko Itel ko Infinix, 'yan gida ɗaya na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, sau da yawa ma'ajiyarta ta cika da bidiyon biki, batirinta ya gaji. Data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Batun wuta kuwa mutanen garin nan sun fi kowa sani: a Janairun 2021 aka fasa turakun layin da ke kawo lantarki ta Damaturu, aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasawa, gari ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. Mutumin da ya saba biyan kuɗin caji ba ya ɓata batirinsa wajen jiran shafi. Shi ne alƙalin aikinka, ba mai kwamfutar ba.

Takarda kafin manhaja

Kada ka fara da tambayar wace manhaja za a yi amfani da ita. Ɗauki farar takarda ka ninke ta uku a tsaye, ka sami siririn fili kamar fuskar waya. Abin da ya shiga saman wannan fili, gwargwadon tsawon tafin hannu, shi ne abin da mai saye zai gani kafin ya ja shafin sama. Wuri ne ƙarami, don haka dole ka yi rowa. Sunan sana'a, jimla ɗaya da ta faɗi abin da ake sayarwa da garin da ake, hoto ɗaya, sai maɓallin magana da kai. Tarihin yadda aka kafa kamfani da manufofinsa da hoton shugaba a kan kujera duk su sauka ƙasa, in ma sun zama dole.

Don sanin abin da zai biyo baya, buɗe WhatsApp ɗin mai sana'ar ka karanta tambayoyin da aka yi masa a watan da ya wuce. Za ka tarar kusan iri ɗaya ne suke ta maimaituwa. Nawa ne? Akwai ƙaramar kwalba? Kuna aikawa Kaduna? Kwana nawa yake yi? A ina shagon yake? Waɗannan su ne shafin. Jera amsoshinsu daga wadda aka fi tambaya zuwa wadda ba a cika yi ba, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a layi guda mai gangarowa. Ga yawancin ƙananan sana'o'i shafi ɗaya mai tsawo ya fi shafuka bakwai masu ƙofofi, domin kowace ƙofa da aka danna sabon jira ne a kan sabis mai rauni, ja da babban yatsa kuwa ba ya cin komai.

Kuma a rubuta farashi. Na san hujjar masu ƙin rubutawa: kaya na tashi kullum, ga abokan hamayya na leƙe, ga ciniki al'adarmu ce. Duk da haka mai saye daga nesa da bai ga farashi ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ko kuma za a yi masa kuɗi daidai da hoton da ke kan lambarsa. A sa farashin, a rubuta ranar da aka sabunta shi a gefe. Mai son ragi zai nema ko da an rubuta.

Hoto, inda nauyin yake

Idan shafi ya ƙi buɗewa, fara tuhumar hotuna. Lissafin mai sauƙi ne. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 3 ko 4. A ɗora goma yadda suke, shafi ya zama megabait 30 zuwa 40. A kan sabis mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa, wanda ba baƙon abu ba ne a gefen gari ko cikin cunkoson kasuwa, megabait ɗaya na ɗaukar daƙiƙa 8, ke nan megabait 30 zai ci minti 4. Waɗannan hotuna goma, in aka rage kowanne ya dawo kilobait 100, gaba ɗayansu megabait ɗaya ne, kuma a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba.

Ragewar mataki biyu ce. Na farko a rage faɗi: fuskar yawancin wayoyin Android a lissafin shafi ba ta wuce fiksel 360 zuwa 400 da 'yan kai ba, saboda haka hoto mai faɗin fiksel 800 zuwa 1000 ya wadatar har ga waya mai kaifin allo. Na biyu a matse shi a mayar da shi nau'in WebP, wanda ya fi JPEG sauƙin nauyi. Akwai Squoosh, kyauta ne, a burauzar waya yake aiki, kana jan ma'auni kana ganin hoton da nauyinsa gefe da gefe. Wasu manhajojin gina shafi suna yin matsewar da kansu, amma kada ka dogara da alkawari, duba nauyin da idonka. A kunna kuma tsarin da ke hana hoton ƙasa saukowa sai mai karatu ya gangaro kusa da shi, yadda wanda ya tsaya a sama ba zai biya datar abin da bai gani ba.

Hotunan su zama na kayanka. Hoton kwalbar turare da aka kwaso daga shafin wani kamfanin Dubai yana iya yin kyau, amma mai saye na Arewa ya gane shi, kuma daga nan ya fara shakkar sauran maganarka. Ɗauki naka da safe ko bayan la'asar, a inuwa kusa da ƙofa, a kan farin yadi, ba fitilar waya. Hula a nuna ta kusa yadda zaren zai fito, don aikin allura ake saye. Kifi a nuna girmansa kusa da abin da kowa ya san girmansa, hannu ko kwali. Abin da nake roƙo a daina shi ne hotuna masu zamewa da kansu a saman shafi da bidiyo mai tashi ba a taɓa shi ba. Suna burge mai kaya ranar da aka nuna masa, su cinye datar mai saye kullum. In akwai bidiyo, a sa shi a YouTube ko TikTok, a ajiye hoto ɗaya da zai kai mutum can in ya ga dama.

Wata ɗabi'a da ta yi yawa ita ce ɗora fulaya a matsayin shafi: farashi, lambar waya da lambar asusu duk a cikin hoto guda. A waya rubutun yakan ƙanƙance sai an buɗa da yatsu biyu, ba a iya kwafe lambar, burauza ba ta iya fassara shi, mai binciken Google ma ba lallai ya kai gare shi ba. Fulaya ta sitatus ɗin WhatsApp ce. A shafi, duk abin da za a karanta a rubuta shi rubutu.

Ido da yatsa

Girman rubutu kada ya gaza fiksel 16. Launinsa ya zama mai duhu a kan fili mai haske. Ruwan toka a kan fari, ko ruwan zinare a kan ruwan madara da masu turare ke so, yana da kyau a ɗaki, amma fita da shi tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40 kuma mutum ya rage hasken waya don tattalin batir, ka ga ko za ka iya karantawa. Sakin layi ya zama gajere, layi uku ko huɗu. Maɓalli ya kai kimanin fiksel 48 tsawo da faɗi, da tazara tsakaninsa da na kusa, domin mai dannawa yana iya kasancewa a bayan keke napep, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe. Maɓallin da ya fi muhimmanci a manne shi a ƙasan fuska inda babban yatsa ke kaiwa.

Fom kuwa, in babu larura a bar shi. In makaranta ce ko asibiti da dole a cike wani abu, a tsaya a kan suna, lambar waya da abin da ake so, kuma gurbin lamba a saita shi ya fito da madannan lambobi kai tsaye. Kada a tilasta wa mutum buɗe asusu da kalmar sirri don zai sayi humra kwalba ɗaya. Bayanan da aka karɓa amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Abin da ba ka buƙata kada ka tambaya.

Ga wanda ke rubuta shafinsa da hannu da HTML da CSS, ma'anar farawa da waya a aikace ita ce: sa layin viewport a kan shafi don waya ta daina ɗaukar kanta kwamfuta, rubuta ainihin salon don ƙaramar fuska mai layi ɗaya, sannan ka ƙara sharuɗɗan min-width da za su raba shi gida biyu ko uku idan allo ya yi faɗi. Wanda ya fara da babban allo yana ta ɓoye abubuwa don waya, sau da yawa wayar tana sauke su duka, ɓoyewa kawai ake yi.

Harshe

Maiduguri gari ne na harsuna. Kanuri ne harshen gida ga da yawa, Hausa ta kasuwa, ga Larabcin Shuwa, ga Turancin ofis, sannan masu saye daga Diffa, Kuseri da Njamena da Faransanci suka yi karatu. Ba sai shafi ya ɗauke su duka ba. A duba da wane harshe ake yi wa mai sana'ar tambaya, a yi da shi. Mai turare yawanci Hausa da ɗan Turanci sun ishe ta. Ɗan kwangilar da ke neman aiki wajen ƙungiyoyin agaji Turanci zai sa a gaba, tare da lambar rajistarsa ta CAC da imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa, domin abin da ma'aikacin sayen kaya zai duba ke nan. In za a sa Faransanci ko Kanuri, a nemi mai jin harshen ya duba, kada a saki fassarar na'ura haka nan a kan farashi da sharuɗɗa.

Akwai kuma matsalar haruffa. Yawancin salon rubutu masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su da ǝ na Kanuri. Sai ka ga kalma ta fito da ɗan akwati a tsakiya, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Kafin ka zaɓi salo, rubuta kalmomi masu waɗannan haruffa ka duba a waya. Noto Sans yana da su. Mafi sauƙi ma shi ne a bar shafin ya yi amfani da salon da ke cikin wayar, babu abin saukewa. Amma a sunan adireshi kada a sa harafi mai lanƙwasa, don mai nema da k da d na yau da kullum zai buga.

Daga shafi zuwa ciniki

A nan ƙasar ba a cika ƙulla ciniki a shafi ba. Shafi yana kawo mutum bakin magana ne, a ƙarasa a WhatsApp ko a kira. Saboda haka maɓallin WhatsApp shi ne zuciyar aikin. Ana haɗa shi da adireshin wa.me, sai lambar ta biyo baya da 234 a gaba, a cire sifirin farko, babu alamar tarawa, babu tazara. Ana iya cusa masa saƙon farko, yadda wanda ya danna ƙarƙashin wani kaya zai tarar an riga an rubuta masa sallama da sunan kayan. Wannan yana rage doguwar tambayar wanne kike nufi. Lambar kira ma a yi ta yadda dannawa ɗaya za ta kira, kuma a rubuta ta da lambar ƙasa saboda na ƙetare. A faɗi lokutan da ake amsawa. Wanda ya san sai bayan azahar za a duba saƙonsa ba ya zargin an yi banza da shi.

Kwatancen wuri a yi shi yadda ake yi wa mai napep: unguwa, babban titi, sai alamar da kowa ya sani, masallaci ko gidan mai ko makaranta. A haɗa da mahaɗin da zai buɗe Google Maps, amma kada a dasa taswirar kanta cikin shafi, tana da nauyi. Batun aike ma a fayyace: ta wace tasha ake sa kaya, Borno Express ko Tashar Kano, wace rana, wa ke biyan kuɗin mota, kuma me ake yi in kwalba ta fashe a hanya. Mai saye daga Legas da bai taɓa zuwa Borno ba, abin da yake ji a labarai kawai ya sani, don haka irin wannan bayani dalla-dalla shi ke kwantar masa da hankali fiye da kowane ado.

Wajen biya, turawa ta banki ko OPay ko Moniepoint ita ce aka saba. A rubuta lambar asusun yadda za a iya kwafewa, sunan asusun kuma ya yi daidai da sunan da ke saman shafi. In shafi ya ce wani kamfani, asusu ya fito da sunan wani mutum dabam, rabin masu saye a nan za su tsaya. Wanda cinikinsa ya yi yawa yana iya haɗawa da Paystack ko Flutterwave, su karɓi kati da turawa, su cire ladansu a kowane ciniki, su kuma raba shi da ciwon kan alat na bogi.

Sai yanzu zaɓen manhaja

Gaskiyar da mai haɗa shafi ba ya son faɗa ita ce wasu ba sa buƙatar shafi tukuna. Mai kaya kala goma da duk masu sayenta ta WhatsApp suke zuwa, kundin kaya na WhatsApp Business da rajistar shago a Google Maps sun ishe ta, kuma kyauta ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Shafi yana fara amfani ne idan ana son baƙon da bai da lambarka ya same ka ta bincike, ko ana hulɗa da hukuma da kamfani, ko kaya sun yi yawan da kundin ba ya ɗauka.

Idan an kai nan, tambayoyi uku nake yi wa kowace manhaja. Mai sana'ar zai iya canza farashi daga wayarsa ba tare da neman kowa ba? Da naira ake biya ko da dala? In an ga dama a tashi, ana iya kwashe kaya a koma wani wuri?

Blogger na Google kyauta ne, mara nauyi, ana sarrafa shi daga waya, kuma yana karɓar adireshinka na kanka. Tsohon yayi ne, amma ga makaranta ko ƙungiya mai yawan sanarwa yana aiki. Google Sites ma kyauta ne kuma yana daidaita kansa da waya, sai dai gyara shi na son kwamfuta. Carrd an yi shi ne don shafi guda mai tsawo, irin wanda muka zana a takarda, amma sa adireshinka sai an biya da dala. Wix da Squarespace suna da samfura masu kyau, kuɗinsu ma da dala ne, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda kuɗin wata na dala ke iya ninkuwa ba tare da an ƙara maka komai ba. Wix yana da wani abin lura: a tsohon editansa zubin waya dabam ake gyara shi, mai gini yakan manta da shi, kuma ba a ɗauke shafin a kai wani masauki. Ga mai sayar da kaya da ke son kanti da lissafin abin da ya rage, akwai na gida irin su Bumpa, wanda daga manhajar waya ake tafiyar da shi kuma da naira ake biya, da kantin da Paystack ke bayarwa. Mai sayar da littafi ko darasi ya duba Selar.

WordPress, wanda ya fito tun 2003 kuma yake ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, shi ne ya fi ba da 'yanci, shi ne kuma aka fi lalatawa. Ana sayen masauki da naira a wajen kamfanonin gida, a girka shi, kuma duk ranar da aka so a tashi da shi. Lalacewar tana zuwa ne daga lodi: samfuri mai nauyi, a ɗora masa manhajar Elementor, a ƙara ƙananan manhajoji ashirin, kowace da nata kayan da waya za ta sauke. Zaɓi samfuri mara nauyi irin GeneratePress ko Astra ko Kadence, yi amfani da editan da ya zo da shi, ka tsaya a kan ƙarin da ba makawa. Kuma ka guji samfuran kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram. Sau da yawa an cusa musu ƙofar baya, wata rana sai a wayi gari shafin makarantar Islamiyya yana tallan caca. WordPress yana son mai kula da shi yana sabuntawa. In babu wannan mutum, a zaɓi abin da ya fi sauƙi.

Suna da makulli

Manhaja ana canza ta, amma adireshi shi ne abin riƙewa. A Maris 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bai wa masu rajistar kasuwanci, waɗanda suka buga wancan adireshi a kati da allon shago suka tashi da aikin sake bugawa. Wanda ke da sunansa na kansa, ko manhaja ta mutu, sai ya karkata sunan zuwa wata. Sunaye masu ƙarewa da .ng da .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira, kuma .com.ng ya fi araha. A zaɓi suna gajere da za a iya faɗa a waya ba tare da an ce a maimaita ba. A tabbata kuma shafin yana buɗewa da https. Let's Encrypt na ba da takardar shaidar https ɗin kyauta kuma yawancin masu masauki suna haɗawa, don haka ba abin da za a caji mutum kuɗi mai yawa a kai ba ne.

Wannan magana ta masu sana'a ce kai tsaye: Alhaji, Hajiya, sunan nan a yi rajistarsa da sunanku da imel ɗinku da lambarku, ba na yaron da ya haɗa ba, ko da ɗan yayarku ne. Ba zargi ba ne. Yaro yana tafiya bautar ƙasa, yana samun aiki a Abuja, yana canza layi. Adireshi duk shekara ake sabunta shi, in wa'adi ya wuce shafi ya ɗauke, in aka ƙara sakaci wani ya saye sunan. A rubuta ranar sabuntawa da kalmomin sirri a ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a shago ba. Gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 sun cinye littattafan lissafi da wayoyi da kwamfutoci masu yawa. Shafin kansa yana kan na'urar da ba a garin take ba, ruwa bai taɓa shi ba, amma wanda kalmar sirrinsa ke cikin littafin da ya jiƙe ya rasa hanyar shiga. Hotunan asali da rubutun shafin ma a ajiye kwafinsu a Google Drive. Shi kuma mai haɗawa ya faɗi kuɗin shekara-shekara tun ranar farko, a rubuce, kada ya bari sai wa'adi ya zo ya zama rigima.

Gwaji

PageSpeed Insights na Google kyauta ne: ka sa adireshi, ka duba sakamakon waya. Ma'aunin da Google ke ɗauka mai kyau shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma zai nuna maka hotunan da suka yi nauyi. Amma wannan gwajin na'ura ne. Na gaske shi ne ka ari waya mafi araha a gidan, ka kashe wayafai, ka shiga saiti ka mayar da ita 3G, ka fita waje. Gwada da layi biyu, don inda MTN ke ja ba lallai Airtel ya ja ba. Gwada a Chrome, ka gwada a Opera Mini, wanda ke matse shafi kafin ya kawo kuma yakan karya abubuwan ado. Tura adireshin a WhatsApp ka ga wane hoto da wane rubutu ke fitowa a ƙarƙashinsa, domin ta nan yawancin mutane za su fara cin karo da shi, sannan ka buɗe shi daga cikin Facebook da Instagram, masu nasu burauzar.

Daga nan miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin shafin ba, zai fi kyau dattijo ko dattijuwa, ka ce ya nemo farashin kaya kaza ya yi wa mai shago magana. Kada ka nuna masa, kada ka ce komai, kalli yatsansa kawai. Duk inda ya tsaya yana laluben abin dannawa, wurin gyara ne. In an gyara, a zaunar da mai sana'ar, a wayarsa, ya canza farashi ɗaya, ya cire kayan da ya ƙare, ya ɗora sabon hoto da ya matse da kansa. Sai ya yi ukun nan ba tare da an karɓi wayar daga hannunsa ba sannan a biya cikon kuɗin aiki.